Kafin Ka Miƙa Makullin Ɗaki

Gaisuwa ga mutanen Bawku da Pusiga da Garu, ga na Yendi da Salaga, da 'yan uwanmu na ƙetaren iyaka a Sinkase da Dapaong da Bittu, masu kama mu ta akwatin rediyo da masu kama mu ta waya. Abin da za ku karanta a nan shi ne zancen da na yi a shirinmu na daren Laraba. Na haɗa da amsar wasu saƙonni da suka shigo bayan mun rufe layi.

Zancenmu na wannan mako a kan ɗakin haya ne. Amma bari in ware tun farko. Wanda ya gina gida a bayan gari ya ba da shi haya gaba ɗaya, shi yana zaune wata unguwa, nasa da sauƙi: lokaci ya yi ya aika a karɓo masa kuɗi, shi ke nan. Ni da ke nake, Hajiya, da kai Baba, ku da kuke zaune cikin gidan da kanku, ɗaki ɗaya ko biyu suka zama babu kowa, kuka ce bari a sa wani a samu na cefane. Tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, bayan gida ɗaya, igiyar shanya ɗaya, mitar wuta ɗaya. Wanda ka ba wannan ɗaki, da shi za ka fara yin ido biyu da asuba, kafin ka ga ɗan'uwanka na jini. 'Ya'yanka za su taso suna jin irin maganar da ke fita daga bakinsa. Maƙwabcin da ya fi kowane maƙwabci kusa ke nan, kuma kai ne za ka zaɓe shi da hannunka.

Bari in ba ku labarin gwaggota. Ta ba ni izini, in dai ban faɗi sunanta ba. A Yendi take. Bayan rasuwar mijinta, ɗakin da ke kusa da zaure ya daɗe a rufe. Damina ta kusa, kwanon ɗakinta yana yoyo, ga jikoki uku a hannunta. Ranar nan sai ga dillali da wani saurayi, tsaf-tsaf da shi, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta. Ya ce shi kaɗai ne, kasuwanci yake yi, kuma ga kuɗin shekara biyu a aljihu. Gwaggo ta dubi kuɗin, ta ɗaga kai ta dubi kwanon da ke yoyo. Ba ta tambaye shi daga ina ya taso ba, ba ta tambayi wa ya san shi a garin ba. Kafin la'asar makulli yana hannunsa. Kafin sati ya zagayo kafinta yana bisa rufi.

Wata bai cika ba, mutum ɗaya ya zama huɗu. Aka shigo da wata ƙatuwar firiza, ana daskarar da ruwan leda ana kaiwa kasuwa. Kuɗin wutar da a da ke kai su ƙarshen wata ya koma ƙarewa cikin kwana goma. Ƙarfe biyun dare a buga ƙofa, in an buɗe a bar ta a hangame. Jikokinta mata suka daina fitowa wanka sai sun leƙa sun ga babu kowa a tsakar gida. Da ta gaji, ta kira shi ta ce, "Ɗana, zaman nan ba zai yiwu ba." Bai yi mata rashin kunya ba fa. Cewa ya yi, "To Mma, ba komai. A ba ni sauran kuɗina, yau ɗin nan in kwashe kayana." Ina sauran kuɗi? Suna can bisa rufi, sun zama kwano da ƙusa. Haka ta zauna da su har wata ashirin da huɗu suka cika, a cikin gidanta, tana ƙirga kwanaki.

Abin da na ɗauka daga wannan labari, kuma shi nake so ku riƙe ko da kun manta sauran zancena, shi ne adibas bashi ne. Ranar da ka karɓi kuɗin shekara biyu, ɗan haya ne ke bin ka, har sai ya gama cinye kwanakinsa. Duk tambayar da ba ka yi ba kafin ka taɓa kuɗin nan, ba ka da bakin yin ta bayan ka kashe su.

Kakanninmu sun riga mu sanin haka. Ku mutanen Salaga kun fi ni sanin tarihin garinku. A ƙarni na 19 ayarin fatake kan taso daga Kano da Katsina da Sakkwato, jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su keto ta Borgu da Sansanne Mango, su biyo ta Yendi, su sauka Salaga don sayen goron da ake kawowa daga dazukan Asante. Tafiyar Gwanja ke nan da muke ji a bakin tsofaffi. An yi cinikin bayi ma a kasuwar, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Garin kan cika da baƙi har ya batse, amma baƙo ba ya sauka inda ya ga dama. Madugu ko wani da ya saba da garin ne zai kai shi wurin mai gida. Mai gidan nan shi zai ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, in za a ba shi bashi shi ne zai tsaya masa. Abin da yake samu la'ada. In baƙo ya gudu da kayan mutane, wuyan mai gida za a kama. To mutumin da ya san wuyansa za a kama ai ba zai saukar da wanda babu mai shaidarsa ba. Tambayarsa ta farko ita ce, ayarin wa ka biyo, wa ya san ka?

Da yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, fatake da malamai suka watsu zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo da Kumasi, cikinsu har da Malam Umaru, Bakanon nan da ya yi limanci a Kete-Krachi ya rasu a 1934. Duk inda suka je, da wannan tsari suka je. Shi ya sa har gobe a zangonninmu, in baƙo ya sauka ana cewa a kai shi ya gai da sarkin zango ko liman. Gaisuwar nan rajista ce, tun kafin a san wani abu wai shi katin shaida.

Yau wa ya zauna a gurbin mai gidan Salaga? Dillalin ɗaki, wanda yara ke kira ejan. Ban ce duk dillalai macuta ne ba, akwai masu amana. Amma ku lura da bambanci ɗaya. La'adarsa tana fitowa ne ranar da aka biya, daga nan aikinsa ya ƙare. In ɗan haya ya zame maka ƙarfen ƙafa, dillali yana can wata unguwa yana nuna wa wani wani ɗaki. Saboda haka in ya kawo maka mutum ka gode masa, amma binciken naka ne.

To yaya ake binciken? Fara da inda mai gidan Salaga ya fara. Wa ya san ka a garin nan? Kada ka yarda da suna kawai, ko lambar waya da aka rubuta maka a takarda. Mutumin ya zo da ƙafarsa, ya zauna a zaurenka, ya ce ni na san shi, in ya yi wani abu a neme ni. Yana iya zama liman, ko fasto, ko shugaban makarantar da aka turo shi, ko shugaban tasha, ko asambuliman na unguwar da ya fito, ko ubangidansa a kasuwa. Abin da ake nema shi ne mutumin da ke da mutuncin da zai ji tsoron zubarwa. Wanda ya ce maka duk faɗin garin nan babu ko mutum ɗaya da zai tsaya masa, ba lallai mugu ne ba, yana iya zama sabon zuwa. Amma sabon zuwa ma wata mota ta kawo shi, wani aiki ya kawo shi, wani ya kwatanta masa gidanka. Bi wannan zare.

Sai ka tambaye shi daga wane gida ya taso, kuma me ya tashe shi. Ka saurari amsar da kyau. Wanda ya ce ɗakin ya yi masa kaɗan, ko an canja masa wurin aiki, ko mai gidan zai aurar da ɗa yana son ɗakinsa, magana ce mai kan gado. Wanda ya buɗe baki ya fara zagin tsohon mai gidansa, da wanda ya gabace shi, da na gabansa, duk su ne miyagu shi ne mai gaskiya, ka sani kai ne na huɗu a layi. In gidan da ya taso a cikin gari yake, hau babur ka je. Kada ka tsaya ga mai gidan kaɗai, don wani mai gidan zai yabi ɗan hayarsa ne saboda ya ƙosa ya rabu da shi. Tsaya wurin mai koko da ƙosai ta ƙofar gidan, ko mai shayin bakin layi. Su ne suka san ƙarfe nawa yake dawowa, da su wa yake dawowa, da ko yana biyan bashin shayi. Matambayi ba ya ɓata.

Tambaya ta gaba ita ce wadda gwaggo ta yi sakaci da ita: mutum nawa ne za su kwana a ɗakin? A faɗi sunayensu. In yana da mata a ƙauye da za ta biyo shi bayan girbi, ya faɗa yanzu. In ƙannensa za su riƙa zuwa hutun makaranta, ya faɗa yanzu. Ba don a hana shi zumunci ba ne. Bayan gida ɗaya da mutum takwas ke amfani da shi ba daidai yake da na mutum sha biyu ba, kuma kowa ya san yadda ruwa ke wuya a Yendi da rani, lokacin da ake jera galan Kufuor tun asuba. Wanda zai sayi ruwan nan yana da hakkin sanin bakin mutum nawa zai shayar.

Daga nan sai sana'a. Yawancin masu gida suna tambayar sana'a ne don su san ko zai iya biya. Wannan rabin tambayar ne. Sauran rabin shi ne, me sana'ar za ta shigo da shi cikin gida? Mu na Bawku mun san albasa. Mai sayar da albasa mutumin kirki ne, amma buhu ashirin a ɗaki da zafin watan Maris, duk gidan sai ya sani. Wannan ma da sauƙi. A garuruwan bakin iyaka akwai masu tara jarkokin man fetur a ɗaki suna jiran dare su ƙetare da su. Akwai masu ɓoye takin zamani. Akwai masu ƙwayar tiramol. Jarkar fetur a gidan da mata ke girki da gawayi a tsakar gida, ba sai na faɗa muku ƙarshenta ba. Kuma ranar da jami'an tsaro suka zo, ba za su tambayi ɗakin wa ba ne kafin su kwashi mutane, mai gida za su fara nema. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ka gaya masa ƙarara tun yau abin da ba a ajiyewa a gidan nan.

Wuta kuma, ita ce uwar rigima a gidajen haya. In za ka iya nema wa ɗakin mitarsa daban a wurin NEDCo, ka huta. In mita ɗaya ce, a zauna a yi lissafin maki kafin ya shigo: ƙwan fitila nawa, fanka, talabijin, firji, dutsen guga, hita. A amince cewa duk wanda zai shigo da sabon abu mai jan wuta sai ya faɗa, a sake lissafi. Haka sharar tsakar gida da wankin bayan gida. A gidaje da yawa ana ɗora wannan a kan matan 'yan haya, gwauro kuwa ya fito da tawul ya yi wankansa ya wuce. Wata uwa daga Salaga ta aiko mana cewa wannan ne ya raba ta da 'yan haya biyu. Maganinsa a faɗa tun farko: ko ka karɓi ranarka ta shara, ko ka biya yaron da zai yi maka.

Sannan ka faɗa masa dokokin gidanka, ko da kana jin nauyi. Ƙarfe nawa ake kulle ƙofa, kuma wa ke riƙe makulli na biyu. A Bawku, inda muka sha zama ƙarƙashin dokar hana fita, wannan ba ƙaramar magana ba ce, don mutum ɗaya mai yawon dare yana iya jawo wa gida duka. Ana shigowa da pito ko giya? Baƙi mata ko maza suna kwana? Sautin rediyo har ƙarfe nawa? In kai Musulmi ne shi Kirista, ko shi Musulmi kai Kirista, ku yi maganar Juma'a da Lahadi da azumi a fili. Gidaje nawa ne a Yendi da Bawku da ake zaune haka shekara da shekaru lafiya lau? Abin da ke ɓata zama shi ne dokar da aka ɓoye a ciki sai bayan an karɓi kuɗi a fito da ita.

Ga wata shawara da na samu daga wani dattijo a zangon Bawku, na kuma ga amfaninta. Ya ce shi ba ya ba da ɗaki ranar da aka zo nema. Yana cewa a dawo jibi. Mai gaskiya zai dawo, da mai tsaya masa. Wanda ke cewa yau-yau, ga kuɗi, in ba ka karɓa ba akwai wani gida, to sauri me yake yi? Ya kuma ce a zuwa na biyu yana shigar da mutumin tsakar gida ya gai da uwargida. Baba, kai kana fita tun safe sai magariba. Ita ce za ta wuni da shi a gida. In ta ce hankalinta bai kwanta ba, kada ka ce maganar mata ce. Tambaye ta me ta gani.

Yanzu bari mu zo ga doka, don da yawa cikinmu muna karya ta ba mu sani ba. Dokar Haya ta Ghana ta 1963, wadda ake kira Act 220, ta hana mai gida neman adibas da ya wuce na wata shida. In hayar ta wata-wata ce, na wata ɗaya kawai. Na san abin da za ku ce: wa ke bin wannan? Daga Accra har Bolga shekara ɗaya ko biyu ake karɓa. Gaskiya ne. Amma ku duba ta wani gefe. Dokar nan da muke ganin ta ɗan haya ce, da gwaggo ta bi ta, da wata shida kawai za ta yi haƙuri. Wata shida ya isa ka ga halin mutum, ka ga damina ko rani tare da shi. In zama ya yi daɗi a sabunta. Kuma ko nawa ka karɓa, kada ka cinye duka. Ajiye wani kaso, don ranar da za a ce maka "ba ni sauran kuɗina" ka iya sa hannu a aljihu.

Dokar ta kuma hana ka korar ɗan haya da ƙarfin tuwo. Cire ƙofa, kwance kwano, yanke wuta, watso kaya waje, duk wannan kai zai mayar mai laifi, ko da shi ya fara. Hanyar ita ce ofishin Rent Control, in abin ya gagara a je kotu, kotu ce ke ba da umarnin tashi. Rashin biyan haya da damun maƙwabta da amfani da ɗaki wajen aikata laifi suna cikin dalilan da kotu ke saurara. Amma za a tambaye ka takarda. Saboda haka a rubuta yarjejeniya, ko da a warƙa ɗaya ce: sunan mai gida, sunan ɗan haya, sunayen masu kwana a ɗakin, kuɗin wata, ranar shiga, ranar ƙarewa, rabon wuta da ruwa, da cewa ba zai sa wani a ɗakin ba sai da izini. Shaidu biyu su sa hannu, ɗaya naka ɗaya nasa, mai tsaya masa ma ya sa. Kowane biya a ba da rasit. In ta MoMo aka turo, kada a goge saƙon. Wanda bai iya boko ba ya sa ɗansa ko malamin makaranta ya karanta masa da harshen da yake ji kafin ya dangwala yatsa. Rubutu ba rashin yarda ba ne. Zo mu zauna, zo mu saɓa, in ji Hausawa, kuma ranar saɓani takarda ce ke tuna abin da kowa ya manta.

Katin shaida kuma, ka nemi ganin Ghana Card, ka dubi hoton ka dubi fuskar, ka ɗauki hotonsa a waya ko ka yi kwafi, ka mayar masa da abinsa. Riƙe katin mutum a matsayin jingina ba daidai ba ne.

To ga tambayar da ta fi yawa cikin saƙonninku, kuma ita ce mai nauyi. Wani daga Pusiga ya rubuto: in mutumin daga Burkina ko Togo ko Nijar ya zo fa? Wata daga Bawku ta ce ita yanzu ƙabila take fara tambaya. Na fahimci tsoron. Muna jin abin da ke faruwa a Burkina Faso, mun ga 'yan gudun hijira da suka shigo har aka buɗe musu matsuguni a Tarikom, a gundumar Bawku ta Yamma. Tun 2022 gwamnati ke kira ga jama'a cewa wanda ya ga abin da bai gane ba ya sanar. Ba na cewa ku rufe ido. Baƙo daga ƙetare ya nuna takardarsa ta ƙasarsa. In zai daɗe, akwai katin da hukumar NIA ke ba waɗanda ba 'yan ƙasa ba. Ɗan gudun hijira yana da rajistarsa a hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Ghana. Burkina da Mali da Nijar sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, saboda haka in kana shakkar wace takarda ce ke aiki, ofishin shige da fice yana nan a Bawku, je ka tambaya. Ka kuma kai shi ya gai da sarkin zango da asambuliman, kamar yadda aka saba.

Amma jama'a, mu 'yan zango ya kamata mu fi kowa taka-tsantsan da wannan magana. Waye cikinmu kakansa bai zo garin nan da baƙunta ba? A Nuwamban 1969, gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su bar ƙasa. Tsofaffinmu suna ba da labarin yadda aka sayar da gidaje a wulaƙance, aka cika manyan motoci, aka rabu da maƙwabta na shekara talatin. Wanda aka taɓa yi wa hukunci da sunan asalinsa bai kamata ya juyo ya yi wa wani ba. Kuma ko ta fuskar amfani, tambayar ƙabila ba ta tsare ka daga komai. Saurayin da ya wahalar da gwaggo yarenmu ɗaya, tare suke sallar Juma'a da 'ya'yanta. Wanda ya shiga ɗakin bayansa wani malamin makaranta ne daga kudu, ba ya jin Hausa ba ya jin Dagbanci. Shekararsa uku a gidan, shi ke koya wa jikokinta lissafi da daddare, ranar da aka canja masa wurin aiki har kuka ta yi. Abin da ake bincika hali ne, da mai tsayawa, da takarda. Abu ɗaya zan ƙara game da Bawku: in ka san zaman mutum a unguwarku zai jefa ransa cikin haɗari saboda halin da ake ciki, gaya masa gaskiya, ka taimaka masa ya samu inda zai kwana lafiya. Kada ka karɓi kuɗinsa ka yi shiru.

Akwai kuma saƙon da ya taɓa ni, daga wata ma'aikaciyar jinya da aka turo Salaga. Ta ce gida biyar ta shiga, ko'ina tambaya ɗaya: ina mijinki? Da ta ce ba ta da aure, sai a ce ɗakin an riga an bayar. Iyayena, 'yan matan nan da ake horarwa a Kpembe da Yendi da Bawku, su ne ke karɓar haihuwar matanmu da tsakar dare. In ta dawo ƙarfe bakwai na safe, daga aikin dare ta fito. Haka bazawara mai 'ya'ya biyu da ke sayar da waake da shinkafa a bakin tasha. Ku yi musu tambayoyin da za ku yi wa kowa: wa ya san ki, ina kika taso, mutum nawa, wane aiki. In amsa ta yi kyau, rashin miji ba laifi ba ne. 'Yarka ma wata rana za a tura ta garin da ba ta san kowa ba.

Kafin in rufe, kalma biyu gare ku masu neman ɗaki, ɗalibai da 'yan bautar ƙasa da sababbin ma'aurata. Ku ma ku yi naku binciken. Gidajenmu da yawa na gado ne. Wani zai karɓi kuɗinka, bayan sati biyu yayansa ya dawo daga Kumasi ya ce wa ya ba da ɗakin ubansa. Tambayi wa ke da ikon ba da ɗakin, ka biya a gaban shaidu, kada ka damƙa wa dillali kuɗin haya. Dubi bango ko akwai alamar ruwan damina. Tambaya ko akwai tsohon bashi a kan mita. Ka tambayi wanda ya bar ɗakin me ya fitar da shi. Kuma in mai gida ya tsare ka da tambayoyi, kada ka ji haushi. Gidan da aka bincike ka kafin ka shiga, za a binciki wanda zai zo ya zauna kusa da kai gobe.

Gwaggo yanzu tana da ɗan littafi a ƙarƙashin filo. Duk mai neman ɗaki, ta ba shi ruwa, ta ba shi kujera, ta ce masa, "Ɗana, ajiye kuɗinka tukuna. Wa ya san ka?"

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu ɗauki maganar gidan gado: wa ke da ikon karɓar haya, kuma yaya ake raba ta tsakanin magada ba tare da an ɓata zumunci ba. Masu tambaya su aiko tun yanzu, da Hausa ko Kusal ko Mampruli ko Dagbanci ko Faransanci, akwai masu fassara mana. Allah ya haɗa mu da maƙwabta na gari, ya sa mu ma mu zama na gari ga wasu. Allah ya zaunar da Bawku lafiya, da Ghana, da maƙwabtanmu baki ɗaya. Sai mun sake haɗuwa, ku huta lafiya.